Tsofaffin da suka tsere min a Filin Sukuwa

Ni dai mutum ne da ko kantin bakin layi zan je sai na tada mashin, to wai yau ni ne nake bada labarin tattaki, abin dariya. Awon jini ne ya jawo. Wata uku da suka wuce naje asibiti kaina yana sarawa, nas ta ɗaura min abin awon nan a dantse, ta kalli lambar ta kalle ni tace 152 a kan 96. Likita yace in dai ana maimaita awo yana tsayawa a 140/90 ko sama da haka to hawan jini ne, in rage gishiri da magi, in dinga motsa jiki. Shekarata 43 fa.

Da na faɗa wa Kawu, ƙanin mahaifiyata da yayi ritaya tun tuni, ko tausaya min bai yi ba, cewa yayi gobe bayan asuba ka shirya zan biyo maka.

Ashe dattawa ne masu tattakin safe, su goma sha wani abu ne, suna haɗuwa a Filin Sukuwa nan Nassarawa a Kano, ƙaraminsu ya haura sittin. Ni na sha sabon kambas da wandon 'yan ƙwallo, su kuwa wani da jallabiya wani da hula da carbi a hannu, nace a raina yau zan sha jira. Sai na ɗau wuta na wuce gaba. Wallahi ko minti 15 ba a yi ba numfashina ya koma sama-sama, ina riƙe da ƙugu, sai gasu sun zo sun wuce ni ɗaya bayan ɗaya suna musu kan Kano Pillars ko haki babu. Wani da suke kira Hedimasta ya rage tafiya ya jera da ni yace ɗan nan ba tsere muka zo ba, in ka kasa hira kana tafiya ka yi sauri da yawa, in kuma har kana iya waƙa to wasa kake. Nace to Baba, Allah ya ƙara girma, don ba ni da bakin cewa komai.

Tsarinsu minti 30 zuwa 40 ne, kwana biyar a sati, Juma'a da Lahadi hutu. Ashe ba da ka suka yi ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da take cewa kenan, aƙalla minti 150 a sati na motsa jiki matsakaici. Ni da farko wayata nake ta dubawa wai sai na cika taku 10,000, daga baya na gano wannan lambar daga Japan ta fito a shekarun 1960, tallar wata na'urar ƙirga taku ce kawai. Su ko a jikinsu. Wanda yake da ciwon suga a cikinsu kullum da dabino uku a aljihu ko da sugan zai faɗi a hanya, ranar Asabar kuma wani tsohon ma'aikacin lafiya yana zuwa da abin awon jini a leda, kowa ya zauna ya huta tukunna sannan ya miƙa hannu, a rubuta a wani ɗan littafi da ya sha jiki.

Amma abin da ya riƙe ni ba lissafin ba ne. Sau nawa na ce zan fara gudu ni kaɗai, kwana uku an gama. Nan kuwa ba dama, ranar da sanyin hunturu ya sa na ja bargo nace yau kam a'a, sai hon ɗin Kawu a ƙofar gida, ina zan kai kunyar a ce dattijo mai shekara 70 ya fito cikin hazo da takunkumi ni ina kwance. Kuma in mutum bai zo ba kwana biyu ba waya kawai suke ba, tafiya suke gidansa. Haka suka tarar da ɗayansu da matarsa ta rasu bara yana zaune shi kaɗai a zaure ko karyawa bai yi ba, ba ciwon komai, kewa ce kawai. Suka zauna har ya ci abinci, washegari ya dawo fili.

Rigimarmu ɗaya ce har yanzu, mai ƙosai da take bakin hanya. Ma'aikacin lafiyan yace meye amfanin zufar in za a bi ta da mai, Hedimasta yace shi fa saboda koko da ƙosan nan yake fitowa, a ƙarshe aka yi sulhu kan guda uku-uku, koko ba sukari. Awona na Asabar ɗin nan 138/88 ne, Kawu ya leƙa littafin yace ba laifi, sannan ya ɗauke min ƙosai ɗaya.