Ɓeran Masar ɗin da ya kusa mutuwa a hannuna

Watana biyu da fara estaj, wato koyon aiki, a wani ƙaramin kilinik na dabbobi nan Yamai wata Hajiya daga Yantala ta shigo da kwali, jikarta na biye da ita tana sharɓar kuka. Na buɗe sai ga ɓeran Masar, kobay ɗin nan da yara ke kiwo, kansa a karkace gefen dama kamar mai leƙen ƙarƙashin gado, in ya ce zai yi tahiya sai ya yi ta kewaye wuri guda ya faɗi ya mirgina.

Ni duk karatuna na lakwal kan shanu da tumaki da awaki ne, sai kaji. Kuma duk wanda ya taɓa zama Turaku, kasuwar dabbobin Yamai, ya san in tunkiya ta fara wannan kewayen, sau da yawa ƙwaƙwalwa ce ta taɓu, ko tsutsar nan da ke fitowa daga kashin kare ko ƙwayar cutar listeriya, kuma mai ita wuƙa yake nema tun nama bai lalace ba. To da wannan idon na dube shi. A raina na gama yanke mishi hukunci, amma don kar yarinyar ta ga ban yi komai ba na ɗauko takarda na fara rubuta amoksisilin, maganin da kowa ke sha kamar gyaɗa.

Allah ya sa likitar da nake ƙarƙashinta ta dawo daga salla daidai lokacin. Ta leƙa takardar ta kifa ta bisa tebur, ba ta ce mini uffan gaban mutane ba, sai ta ce "ƙanena, riƙe shi ka dubi idonsa". Na duba. Ƙwayar idon na ta wulƙawa gefe da gefe ita kaɗai, idon dama kuma ba ya ƙiftawa sosai, ya fara bushewa. Ta tambayi Hajiya ko ya yi atishawa kwanakin baya, Hajiya ta ce ƙwarai kuwa, har da majina tun lokacin hunturu. Da wa yake kwana? Da zomaye biyu, keji guda.

Shi ke nan labari ya hito. A ɓeran Masar yawancin karkacewar kai daga can cikin kunne take, wurin da ke riƙe daidaiton jiki. Ƙwayoyin cuta irin su Bordetella da Streptococcus suna farawa da hanci da maƙogwaro, su bi wata siririyar hanya su haura tsakiyar kunne su tara mugunya, daga nan su shige ciki, kuma kan yakan karkata ne wajen kunnen da ke ciwo. Jijiyar da ke sa fatar ido ƙiftawa nan kusa take bi, shi ya sa idon ya tsaya. Zomo kuwa yana iya ɗauke da Bordetella yana cin abincinsa lahiya lau ya shafa wa ɓeran, mu kuma nan kowa haɗa su yake yi wai ai duk dangi ne.

Sai da sunka tahi ta juyo da takardata. Ta ce da an ba shi wannan da zawo ne zai kashe shi cikin ƴan kwanaki, ba kunne ba. Dangin penisilin duka, amoksisilin, ampisilin, har da eritromisin da linkomisin, suna share ƙwayoyin kirki na hanjinsa sai muguwar ƙwayar cutar nan Clostridium ta samu fili ta zuba guba. Wallahi zufa ce ta karyo mini ko da fanka na juyawa. Kotirimokzazol ta rubuta, na siro, da meloksikam na zafi da kumburi, da maganin ɗigawa a ido, kuma sai da munka ɗora shi bisa sikeli, giram 800 da ɗoriya, kahin a san yawan da za a ba shi. Ni da ido na saba ƙiyasta rago.

Amma abin da ya hi zauna mini shi ne maganar ci. Ni karkacewar ce ta ɗauke mini hankali, ita kuwa kashinsa take tambaya, nawa ya yi, ƙanana ne ko manya. Dabbar da duniya ke juya mata ba ta iya tsayawa gaban kwano, shi kuma wannan in ya yi wuni guda bai ci ba hanjinsa tsayawa yake yi. Haka na koya wa yarinyar ba shi abinci da sirinji, a niƙa ciyawa da ganye a dama kamar kunu, a naɗe shi cikin tawul, a sa ta gefen baki bayan haƙoran gaba, kaɗan kaɗan don kar ya shaƙe. Ga bitamin C, jikinsa ba ya yi da kansa, kamar mu, sai an ba shi, jan tattasai marar yaji ko ɗan yankan gwaba kullum. Harawa kaɗai da dusa da suke ba shi ba za su wadatar ba.

Sai zafi. Asalinsa tsaunukan Andes ne wajen Peru, da an wuce digiri 28 ya fara wahala, mu kuwa ga Afrilu na tahe da 40 da wani abu. Munka ce a shigo da shi ɗaki, gorar ƙanƙara a naɗe da tsumma kusa da shi saboda ɗaukewar wuta, a cire duk abin hawa cikin kejin, a jera tsummoki gefe gefe ya samu abin jingina. Zomaye kuma su koma nasu wuri.

Sati shida yana shan magani. Hajiya ta so tsayawa a sati na biyu da ta ga ya fara kukan nan nasa in ya ji motsin leda, ta ce "ɗana ai ya warke, kuɗin siron nan sun hi kuɗin ɓeran", kuma gaskiyarta ce, amma jikar ta kafe. Mirginawar ta daina, idon ya dawo ƙiftawa, kan dai bai miƙe ba, likita ta ce wasu haka suke zama har iyakar rayuwarsu. Ranar awon ƙarshe ya kai giram 900, yana cin tattasai da kansa a karkace, yarinyar ma ta canza mishi suna tana ce mishi Mai Leƙe.