Mako na tara: na rage wa tsohon magana

'Yan'uwa masu koyon zanen labari, sannunku da ƙoƙari. Wannan makon ban taɓa tawada ba ko sau ɗaya, daga fensir sai magogi. Kashi na biyu na labarina na aljanin da ke satar inuwar mutane ya yi nauyi a tsakiya, kuma na ƙudurta ba zan ci gaba ba sai na gano inda gizo ke saƙar.

Na ba ƙanwata shafuka 22 ɗin, na zauna ina kallon idonta. Uku na farko ta bi su a nutse. Tana kaiwa na huɗu, inda wani tsoho ya zaunar da yarinyar labarin yana ba ta asalin aljanin, sai ƙanwar tawa ta fara tsallake kumfar magana, wato da'irar da ake rubuta maganar mutum a ciki, tana neman hoto. Shafi shida ta wuce kamar ana korar ta. Abin ya sosa mini rai, domin a nan na zuba duk abin da na yi watanni ina tsarawa: inda aljanin ya fito, waɗanda ya fara kamawa, da dokoki biyar da yake bi.

Na ƙirga kalmomin shafi na 6, suka kai 340. Akwai ma'aunin da ake dangantawa da Mort Weisinger, tsohon editan kamfanin DC a Amurka: idan shafi na da akwati shida (gidajen hoto da ake raba shafi da su), kada akwati ɗaya ya wuce kalma 35, wato 210 a shafi, kumfa ɗaya kuma ta tsaya a 20 zuwa 25. Ba doka ba ce, amma ta nuna mini laifina. Fuskar tsohon ma a wasu akwatunan ta matse a kusurwa, rubutu ya cinye mata wuri.

Sai dai yawan kalmomi ba shi ne babbar ɓarnar ba. Na kashe tsoron da hannuna. Aljanin da aka gama bayyana dokokinsa ɗaya bayan ɗaya ya zama darasi, mai karatu ya san iyakarsa, to me zai firgita shi? Na sake duba dokokin biyar, na ga biyu kawai wannan kashin yake buƙata. Ukun na ajiye su sai lokacinsu ya yi.

Ta farko ita ce wanda aka sace wa inuwa dabbobi na gudunsa. A da tsohon ne ke faɗa. Yanzu akwati huɗu ne, babu ko kalma: mutum na tafiya da rana tsaka, karensa ya ja da baya, ya kira shi, karen ya ƙara nisa. Na sa akwatin ƙarshe a ƙasan shafin dama, sai an juya takarda a ga hoto guda ya cika shafin hagu, ƙafafun mutumin a ƙasa, babu inuwa. Ku lura da wannan, abin mamaki a bayan juyin shafi ake ɓoye shi, domin ido yana leƙa duk abin da ke buɗe tun kafin a karanta. Scott McCloud, mai zanen labari ɗan Amurka, ya yi bayani a 1993 cewa a farin filin da ke tsakanin akwati da akwati mai karatu yake haɗa abin da ba a zana ba. Na san da zancen, amma sai yanzu hannuna ya yarda da shi.

Na kuma gane cewa akwati mai faɗi marar magana yana riƙe ido, ƙanana a jere kuma suna sa gudu. Da haka shafi shida na tsohon suka koma biyu, huɗun da na samu na ba daren da yarinyar ke kashe fitilun gida ɗaya bayan ɗaya.

A nan na wuce gona da iri. Wani abokina ya karanta sabon tsarin, ya tambaye ni me ya sa take kashe fitilun. Ashe na goge jumlar da ke cewa sai da haske ake samun inuwar da za a sata. Na mayar da ita a bakin tsohon, kalma tara a kumfa ɗaya.

Doka ta biyu ce ta rage mini: wanda aka sace wa inuwa kwana bakwai gare shi. Ina gwada zana layuka a bangon ɗakin mutumin, kullum ana ƙara ɗaya, amma a shafi na 14 sun fi kama da tsagewar bango. Wanda ya taɓa nuna wucewar kwanaki ba da rubutu ba, ya faɗa mini yadda ya yi kafin in sa tawada.