Godiya bayan an sallamo Baba

Alhamdulillahi, an sallamo Baba, yana gida, jiki da sauƙi. Ku da kuka bi mu da kira da addu'a kun san abin da aka sha, ba sai an maimaita ba. Wanda bai ga amsar saƙonsa ba ya yi mana afuwa, gajiya ce.

Akwai wata baiwar Allah a ofishin lissafi na asibitin. Daren da aka ce katin inshora ba zai ɗauki tiyatar Baba ba sai an ajiye kuɗi, ita ta zaunar da Yaya, jikinsa na rawa, ta ce a kawo takardar yarjejeniya. Ta bi ta layi-layi da biro. Ashe tiyatar tana ciki. Abin da ya tsayar da tiyatar, ba a nemi lambar amincewa daga kamfanin inshorar ba, kuma takardar da asibitin farko ya turo Baba da ita ba ta cikin fayil. Ta sa likita ya rubuta cewa gaggawa ce, ta buga wa kamfanin da kanta, alhali ta tashi aiki.

Ba ta ɓoye mana sauran ba. Kwanakin sashen kulawa ta musamman suna da iyaka, ana wuce ta lissafi ya dawo kanmu. Ƙarfen da aka sa masa a ƙugu ba ya ciki. Maganin da ba ya jerin kamfanin, a tambayi likita ko akwai makamancinsa a jerin kafin a saya. A nemi lissafi dalla-dalla, a adana kowane rasit, in an ƙi biya a karɓi dalilin a rubuce, a kai ƙorafi kafin wa'adi ya cika. A wannan lissafin aka gano gwajin jini ɗaya da aka rubuta sau biyu.

Kawu, ka ce kada a faɗa, amma sai mun faɗa: kai ka cike giɓin. Gwaggo, ke kika kwana a kan kujera. Allah ya saka muku da Aljanna, ya jiƙan magabatanku, ya raya zuri'arku, ya tsare ku daga jinya mai cin dukiya. Waɗanda suka ce "ai yana da inshora" suka yi shiru, mun gode, Allah kada ya nuna musu irin wannan dare.

Masu son zuwa dubiya a ɗan dakata, likita ya ce yana buƙatar hutu tukuna.