Kububuwa a bayan rumbu

Wallahi duk shekara in bazara ta kama gabana faɗuwa yake, lokacin ne ake sharar gona, ga zafi ya hana macizai zama a rami, mutane kuma kowa ya baje tabarma a tsakar gida. Satin da ya wuce naje ƙauyenmu can wajen Kaltungo, da magariba ƙanina ya sa hannu zai ɗebo kara a bayan rumbu sai muka ji ihu, muna haska tocila muka ganta, 'yar ƙarama da ita, ta naɗe tana goga jikinta yana wani sauti kamar ruwa ya ɗiga a tafasasshen mai. Kububuwa ce.

Nan take kawu ya kawo igiya wai a ɗaure hannun, wata gwaggonmu kuma tace a tsaga a tsotse, nace kawu dan Allah kuyi haƙuri ɗaurin nan kashe hannu yake, kuma dafin kububuwa jini yake hanawa daskarewa, in aka tsaga jinin bazai tsaya ba. Muka ɗora shi a mashin sai asibitin masu saran maciji na Kaltungo, kafin mu isa har dasashinsa ya fara jini.

Suka ɗebi jininsa a 'yar kwalba suka ajiye minti 20, bai daskare ba, sai suka sa masa maganin dafi ta jijiya. Alhamdulillah yanzu yana gida, hannun dai da sauran kumburi. Na siyo masa takalmin roba dogo da tocila, karan ma mun kwashe shi daga jikin ɗaki.