Na zuba siminti a sansanin Amurkawa na Agadez

Ni magini ne, ɗan jihar Tawa. Kamar yawancin samarin ƙauyenmu, da na tasa ban san wata hanyar samu da ta wuce biɗa ba: a yi girbi, a zuba hatsi a rumbu, a ɗaure kaya a nufi inda ake neman ƙarfin hannu. Wasu Abijan suke yi, wasu Legas, ni arewa na nufa. A 2008 na sauka Sabha, kudancin Libiya, na fara da kwaɓa siminti da jidar bulo, kafin shekara biyu na iya jera gini da kaina. Dinarin Libiya a lokacin kuɗi ne. Duk wata sai na aika wa Inna na cefane, har tumaki biyu na saya mata.

A fadarmu ta shayi ba a mako ba a yi gardamar Amurka ba, ko yaƙe-yaƙen da take zuwa yi a ƙasashen mutane da sunan murƙushe ta'addanci sun sa duniya ta ƙara kwanciya. Da wuya in sa baki, don na ci ta kowane gefe. Yaƙinsu ya koro ni daga wurin cin abincina, kuma da kuɗin yaƙinsu na yi aure.

A Fabrairun 2011 aka fara bore a Bengazi. Mu a Sabha kamar labarin wata ƙasa muke ji, sai da jiragen Faransa da Ingila da Amurka suka fara sakin bama-bamai ranar 19 ga Maris, bayan Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da izinin kare fararen hula. Wani zai ce ai wannan ba yaƙi da ta'addanci ba ne, kuma gaskiyarsa, sunan da aka raɗa masa daban ne. Sai dai hannun ɗaya ne, jiragen ɗaya ne, kuma abin da ya haifa shi suka dawo suna yaƙa a ƙofar gidanmu. Aiki ya tsaya. Aka fara yaɗa cewa duk baƙar fata sojan hayar Gaddafi ne. Ubangidana, da nake binsa kuɗin wata uku, ya rufe waya. Na haƙura, na hau ƙatuwar motar kaya tare da mutane sun fi ɗari, jarkokin ruwa naɗe da buhu suna reto a jikinta, muka bi Gatrun da Tumo da Madama da Dirku. Kwana tara muka yi kafin mu ga hasumiyar masallacin Agadez.

A hanyar nan na ga abin da ban fahimta ba sai daga baya. Da dare ƙananan motoci kan wuce mu a guje, ba fitila, bayansu a rufe da tanti. Direbanmu ya ce kowa ya kau da kai. A watan Yunin shekarar sojojinmu suka yi arangama da wani ayari a arewacin Arlit, suka kama nakiya fiye da kilo 600 da aka kwaso daga Libiya. Wannan wadda aka kama ke nan. An kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoba, rumbunan makamansa suka zama na kowa. A Janairun 2012 tawaye ya ɓarke a arewacin Mali, kafin watan Afrilu ya yi nisa Kidal da Gao da Tumbuktu duk sun fita daga hannun Bamako.

Duk magini ya san rusau ba ya cin lokaci. Katangar da aka yi wata ana ɗorawa, mutum biyu da guduma za su kwantar da ita kafin azahar. Amma ba a taɓa katangar da ta haɗa gida biyu sai an tambayi abin da ke jingine da ita ta ɗaya gefen. Mu ne muke jingine da Libiya. Shi kansa Obama, a 2016, ya amsa cewa rashin shirya wa abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi shi ne kuskurensa mafi girma a mulki. Na ji a rediyo ina kan tsani, na ce madalla da faɗin gaskiya, sai dai ba ta mayar da kuɗin wata uku.

Ban koma ƙauye ba, na tsaya Agadez ina ɗan gine-gine. Ba zan ɓoye ba, da Faransa ta shigo Mali a Janairun 2013 ta tare masu iƙirarin jihadi a Konna, na yi murna, kuma har yau ina ganin da ba a tare su ba da labarin ya fi haka muni. Wata huɗu bayan nan, da asubahin 23 ga Mayu, ƙara ta tashe mu, ƙasa ta girgiza har kwanukan rufi suka amsa. Mota ce maƙare da nakiya aka tayar a barikin soja, wata kuma a ma'adinin yuraniyom na Arlit kusan lokaci guda. Mutum fiye da ashirin suka rasu, yawancinsu sojoji. Waɗanda suka ɗauki alhakin sun ce ramuwa ce kan shigar Nijar yaƙin Mali. Ranar na san wutar da na gudo wa ta riga ni isowa.

Saboda haka da aka fara gina sansanin jirage marasa matuƙa a kudu da gari a 2016, wanda ake kira 201, ban yi dogon tunani ba. Lokacin ne ma aka fara kame motocin masu kai baƙin haure Libiya, gari ya yi tsit, kowa na neman abin yi. Wani ɗan kwangila ya ɗauke mu. Na kira kawuna a ƙauye in sanar da shi.

Ya ce, "Ɗana, aikin Nasara ka samu?"

Na ce, "Kawu, gini ne kawai, ba bindiga zan riƙe ba."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Allah Ya sa albarka. Amma ka sani, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski."

Aikin kansa ban taɓa yin mai tsari kamarsa ba. Da sassafe a caje ka, ka ajiye waya, ka rataya katin shaida. Hular kwano dole, takalmi dole, ruwan sha ba iyaka, kuɗi kuma ranar da aka ce ranar ce. Babban aikin, wato titin saukar jirage, sojojinsu ne da injinansu. Mu namu tsakuwa da kankare da magudanar ruwa da ƙananan ɗakuna. An ce sansanin ya ci dalar Amurka miliyan 110. Ni dai abin da ya zo hannuna ya ishe ni sadaki da ɗaki biyu na bulo.

Akwai wani saurayi a cikinsu, baƙar fata, mai son koyon gaisuwa. Kullum sai ya ce mini "sannu da aiki" da wani irin harshe, mu yi dariya. Wata rana muna hutun rana na sa tafinta ya tambaye shi me ya rabo shi da uwarsa ya kawo shi cikin wannan ƙura. Ya ce yana ɗan shekara takwas aka kai harin 11 ga Satumban 2001, a makaranta ya ga benayen suna rugujewa a talabijin. Ya ce tun ranar aka koya musu gara a je a yaƙe su can da a jira su zo gida. Da zuciya ɗaya ya faɗa, ba girman kai. Na gyaɗa kai na koma bakin aiki. Sai da dare ina kwance maganar ta dawo mini: wannan "can" ɗin da yake faɗa, nan ne. Ɗakina ne, da gonar Inna.

Daga ranar na daina jin tambayar yadda ake yinta a fada. In an ce duniya ta fi zama lafiya, sai in ce duniyar wa? Ta wajensu lissafin ba ƙarya ba ne. Tun 2001 ba a sake kai musu hari mai girman wancan ba. Sun kashe Usama bin Ladan a Fakistan a 2011. Da taimakon jiragensu aka ƙwace Mosul daga hannun Da'ish a 2017, kuma duk wanda ya ji abin da aka yi wa Yazidawa, wasu tsiraru a Iraƙi, ba zai ce a bar Da'ish da gari ba. Amma ita Da'ish ɗin daga ina? Daga Iraƙin da suka shiga a 2003 suna neman makaman ƙare-dangi da ba a samu ba, suka sallami sojojin ƙasar gaba ɗaya, suka tara fursunoni a sansanin Buka inda Bagadadi, wanda daga baya ya zama shugaban Da'ish, ya zauna. A Maris ɗin 2015 Shekau ya yi wa Bagadadin nan mubaya'a, a shekarar kuma Abu Walid Sahrawi, wani jagoran masu iƙirarin jihadi, ya yi tasa a iyakarmu da Mali. Ƙaiƙayin da aka sheƙe a Bagadaza, a idon mutanen Difa da Tilaberi ya sauka.

Mutanen Sahrawin ne suka yi kwanton ɓauna a Tongo Tongo ranar 4 ga Oktoban 2017, suka kashe sojojin Amurka huɗu tare da namu. Abin da ya ba ni mamaki, manyan 'yan majalisarsu sun fito suna cewa ba su ma san suna da sojoji masu yawa haka a Nijar ba. Ina zuba musu kankare, masu sa hannu a kuɗin ba su san da zamana ba.

A ƙarshen 2019 jiragen suka fara tashi daga Agadez. Da dare kana jin gunjinsu sama-sama kamar injin niƙa daga nesa. Aka ce suna ganin mutum ko allura ya yar. A watan Disambar nan aka kashe sojojinmu 71 a Inates, wata guda bayan haka 89 a Shinagodar. Ɗan maƙwabciyata yana cikin na Inates, bai cika shekara biyu da ɗaukar kaki ba. A wurin zaman makoki wani dattijo ya ɗaga kai sama ya ce, "To su waɗannan me suke kallo?" Ba wanda ya amsa. Ni da na gina musu magudanar ruwa na sunkuyar da kai.

Amsar ta zo mini daga jiharmu. A ƙarshen Oktoban 2020 aka sace wani Ba'amurke a Masalata, kusa da Birnin Ƙonni, aka tsallaka da shi Najeriya. Ba a yi mako ba sojojinsu na musamman suka diro da dare, suka kashe yawancin masu garkuwar, suka ɗauke mutuminsu lafiya lau. Wata biyar bayan haka, a Maris ɗin 2021, mahara a kan babura suka shiga ƙauyukan yankin Tiliya, cikin jihar Tawa ɗin dai, suka kashe mutum 137 a yini ɗaya. Ban ce Amurkawa sun gani sun yi shiru ba, kuma ban ga laifin wanda ya ceci ɗan'uwansa ba. Da mu ke da iko haka za mu yi. Abin da na gane kawai shi ne kayan aikin suna aiki sarai, amma sun san mai su. Wanda ya ɗauki mai gadi, ƙofarsa ake tsarewa, maƙwabci sai dai ya samu hasken tocila.

Wani abin kuma jirgi ba ya ganinsa ko na wane ne. Yaron da aka kwashe wa shanun ubansa, ya kai ƙara ba a saurare shi ba, wani ya zo ya ba shi babur da bindiga ya ce masa yanzu kai ma mutum ne, daga sama ɗigo ne kawai a kan rairayi. Faransawa sun kashe Sahrawi a 2021, ƙungiyarsa ba ta mutu ba. Wannan ɓarakar tamu ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A shekarar ce kuma muka ga Taliban sun koma Kabul bayan shekara ashirin ana yaƙarsu, mutane na maƙalewa a jikin jirgi. Tafintanmu ya daɗe yana kallon hoton a waya, bai ce komai ba.

Sauran kowa ya sani. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, fitar Faransawa a Disamba, sannan a Maris ɗin 2024 gwamnati ta soke yarjejeniyar soja da Amurka. An yi zanga-zanga a Agadez ana cewa su tafi. Ban fita ba, ban kuma hana ƙanena fita ba. A farkon Agusta suka miƙa sansanin suka tashi. Masu cewa da zarar sun tafi za a samu lafiya, su ma lissafinsu bai fita ba: a Maris ɗin 2025, cikin azumi, an kashe mutum 44 a masallacin Juma'a a Fambita. Na ji a rediyo cewa fiye da rabin waɗanda ta'addanci ya kashe a duniya a 2024 a yankin Sahel suke. Lokacin da na tafi Sabha a 2008, da dare ake bin hanyar Tawa zuwa Yamai, abin tsoron bai wuce ramuka da barcin direba ba.

Da na je gaisuwar salla kawu ya tambaye ni, "Ɗana, an gama askin?" Na ce an gama, Kawu, kuturun ma ya tafi. Ya yi dariya har da tari.

Ɗakuna biyun suna nan, yarana uku a ciki. Gini ya yi ƙasa a gari, yau da aiki gobe babu. Ƙanen nawa da ya ɗaga kwali a zanga-zanga ya sayar da babur ɗinsa, ya ce Litinin mai zuwa zai bi ayarin Dirku, wai an ce ana neman magina a Sabha. Jiya na ba shi tsohon cokalina na gini, na nuna masa yadda ake naɗe jarka da buhu don ruwa ya yi sanyi.