Ɓera a kan gicciye: maganin ya cire fargaba ne, ko kasala kawai ya sa?

Wannan rubutu na ɗalibanmu ne da ke karatun haɗa magunguna da ilimin ƙwaƙwalwa a jami'o'in Riyad da Jidda, musamman waɗanda aka damƙa wa kejin ɓeraye da kwalbar diazepam, maganin rage fargaba, aka ce su fito da sakamako kafin zango ya ƙare. Ɓera ba zai buɗe baki ya ce gabansa na faɗuwa ba. Abin da muke iya aunawa shi ne ja-in-ja tsakanin halaye biyu da Allah ya halicce shi da su: son leƙen sabon wuri, da tsoron fili da haske inda shirwa ko mage za ta hango shi. A kan wannan ja-in-ja aka gina kusan duk gwajin fargaba.

Wanda aka fi yi shi ne na gicciye mai ƙafa. Sharon Pellow da Sandra File da abokan aikinsu suka tabbatar da ingancinsa a manyan ɓeraye a 1985, Richard Lister ya daidaita shi ga ƙanana a 1987. Rassa huɗu ne, kowane tsawonsa santimita 30, faɗinsa 5. Biyu masu fuskantar juna an kewaye su da bango mai tsawon santimita 15, biyu kuma a buɗe suke, duka an ɗaga su kamar santimita 40 zuwa 50 daga ƙasa. Za ka ajiye ɓeran a tsakiya yana fuskantar buɗaɗɗen reshe, ka ja jiki bayan labule, kyamara ta ɗauka daga sama na minti 5. Ba a lissafa ya shiga reshe sai ƙafafunsa huɗu sun tsallaka.

Ka zuba ido a kan wanda ba a ba magani ba. Zai leƙo da hanci, ya miƙe jiki kamar ana jan danko, ƙafafun baya na nan kafe a inuwar bango, gashin bakinsa na rawa, sai ya janye da baya. Wanda aka yi wa allurar diazepam kuwa zai taka har ƙarshen buɗaɗɗen reshen, ya sunkuyar da kai ta gefe yana kallon ƙasa. Wannan miƙewa da janyewa ita ma abin ƙirgawa ce, domin sau da yawa tana raguwa tun kafin lokacin zama a fili ya ƙaru.

Lissafin allurar nan ne mutane ke yawan tuntuɓe. Awon da aka saba shi ne miligiram 0.5 zuwa 2 ga kowane kilo, a kogon ciki, minti 30 kafin gwaji. Ruwan allura kuma mililita 10 ne ga kowane kilo, wato ɓera mai giram 25 zai sami mililita 0.25. In kana son miligiram 1 a kilo, ruwanka ya zama yana ɗauke da miligiram 0.1 a kowace mililita. Kwalbar asibiti tana zuwa da miligiram 10 a mililita 2, sai ka ɗebi mililita 1 ka haɗa da 49 na ruwan gishirin allura. Diazepam ba ya son ruwa. Ka ɗaga kwalbar ka duba a haske, in ta yi gizo-gizo kamar an ɗiga madara, maganin ya fara kwanciya, kuma ɓeran farko da na ƙarshe ba za su sami awo ɗaya ba. A haɗa shi ranar da za a yi aiki, a ajiye a gilashi, don yana manne wa wasu robobi. Wani abin da ake mantawa: ruwan kwalbar asibiti yana da barasa da furofilin gilaikol a ciki, saboda haka rukunin kwatance, wato ɓerayen da ba za a ba magani ba, dole a yi musu allurar ruwa mai irin wannan haɗi, ba ruwan gishiri zalla ba. A soka allurar a ƙasan ciki ta dama, kan ɓeran na ɗan karkace ƙasa, don kauce wa mafitsara da hanji.

To me ke faruwa a cikin kai? GABA shi ne babban sinadarin da ke taka wa ƙwayoyin jijiya birki. Makarɓarsa mai suna GABA-A ƙofa ce da aka harhaɗa daga ɓangarori biyar, yawanci alfa biyu, beta biyu, gama ɗaya. In GABA ya zauna a kanta sai ta buɗe, kuloraid ya kwarara ciki, ƙwayar ta yi sanyi ta rage harbi. Diazepam ba ya buɗe ƙofar da kansa. Yana zama ne a mahaɗar alfa da gama, ya sa ƙofar ta riƙa buɗewa akai-akai duk lokacin da GABA ya zo. A amigdala da ƙasan hifokamfas, sassan ƙwaƙwalwa inda ake auna haɗari, wannan birki shi ke rage ƙararrawar tsoro.

Aikin da ya fi burge ni a wannan fanni a birnin Zurik na ƙasar Siwizaland aka yi shi, a ɗakin binciken Hanns Möhler. Sun canza amino asid guda ɗaya tak a ɓangaren alfa, histidin ya koma arjinin a gurbi na 101, yadda diazepam ba zai iya kama wurin ba. A 1999 Uwe Rudolph da abokansa suka nuna cewa ɓeran da aka yi wa wannan canji a alfa 1, maganin ba ya sa shi kasala, amma yana cire masa fargaba. A 2000 aka yi canjin a alfa 2, sai cire fargabar ya ɓace. Ashe kasala da kwanciyar hankali ba hanyarsu ɗaya ba, ko da yake magani ɗaya ke kawo su.

Wannan ne dalilin da ya sa nake nacewa a ƙirga shiga rassa masu bango. Su ne ma'aunin kuzari. In awon ya yi yawa, ɓeran zai yi laushi, ya zauna inda ya tsinci kansa. In a buɗaɗɗen reshe barci ya kama shi, na'ura za ta rubuta maka minti uku a fili, ka yi murna ka ce fargaba ta tafi, alhali dabbar ta kasa motsi ne. Masu gwada ruwan ganyayyaki da saiwoyi su fi kowa kiyaye wannan, domin da yawa daga cikin irin waɗannan tsirrai kasala suke sawa. A haɗa da gwajin buɗaɗɗen fili don auna nisan tafiya, da na sanda mai juyawa don ganin ko ƙafa na riƙo. In kana zargin tsiron ta wurin zaman diazepam yake aiki, ka ba da flumazenil tukuna, maganin da ke toshe wannan wurin, in tasirin ya ɓace ka sami hujja.

Kada a maimaita ɓera a gicciye. Sandra File ta nuna tun 1990 cewa wanda ya taɓa hawa sau ɗaya, a hawa na biyu irin waɗannan magunguna ba sa yi masa tasirin da aka sani. Kowane awo da sabbin ɓerayensa.

Fluoxetine da danginsa, magungunan ciwon damuwa, labarinsu daban ne. Allura ɗaya ba ta cire fargaba, tana ma iya ƙara ta. Sai an yi makonni ana bayarwa. A 2003 rukunin René Hen a Jami'ar Kolombiya ya nuna cewa bayan kusan mako huɗu ɓera mai yunwa yakan fi saurin zuwa cin abinci a tsakiyar baƙon fili, kuma da aka hana hifokamfas haifar sabbin ƙwayoyi ta hanyar haska masa eksire, wannan tasiri bai fito ba. Wanda ya ba da fluoxetine da safe ya hau gicciye da rana ya ce ba ya aiki, bai yi wa maganin adalci ba.

Sauran abin da ke ɓata sakamako ba a cikin sirinji yake ba. A 1999 John Crabbe da abokansa sun gudanar da gwaje-gwaje iri ɗaya, da jinsunan ɓeraye iri ɗaya, a lokaci ɗaya, a dakunan bincike uku na Amurka da Kanada, sakamakon gicciye ya sha bamban. Jinsin ma na da nasa hali: BALB/c ya fi C57BL/6 tsoro. Ɗaga ɓera ta wutsiya na ƙara masa fargaba, kamar yadda Jane Hurst da Rebecca West suka nuna a 2010, gara a ɗauke shi a cikin ɗan bututu ko tafin hannu. A 2014 kuma wani bincike a Jami'ar McGill ya gano cewa warin jikin mutum namiji kaɗai na tayar wa ɓeraye hankali. Don haka mutum ɗaya ya riƙe aikin daga farko har ƙarshe.

Mu da ke nan Saudiyya muna da namu ƙarin. Ɗakin dabbobi yana son digiri 20 zuwa 24, waje kuwa a bazara ya haura 40. In sai an ratsa farfajiya da keji kafin a kai ɗakin gwaji, a rufe shi, a yi da sassafe, a bar ɓerayen su huta awa ɗaya kafin allura. Kada a girka gicciyen a ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, iskar da ke bugun buɗaɗɗen reshe kaɗai ta isa ta kora su cikin bango. Ranar gwaji a haƙura da turare, ɗan ud ɗin da ka shafa a wuyan hannu ko hayaƙin bakhur da ya kama riga, a hancin ɓera babban al'amari ne. A goge gicciyen da barasar tsafta mai kashi 70 tsakanin ɓera da ɓera, a jira ta bushe sarai.

Sai batun azumi, lokacin da aikin mutane da yawa ke komawa bayan tarawihi. Ɓera dabbar dare ce, kuma sinadarin damuwarsa, kotikostiron, yana kai ƙololuwa ne daf da kashe fitila. Rukunin da aka gwada da hantsi a Sha'aban ba za a kwatanta shi da wanda aka gwada ƙarfe goma sha ɗaya na dare a Ramadan ba. In ka san aikin zai ratsa watan, ka tsayar da sa'a ɗaya tun farko, ka cakuɗa rukunonin a kowace rana, kuma wanda zai kalli bidiyon ya ƙirga kada ya san wane ɓera aka yi wa wace allura.