Godiya bayan kare kundina kan jan-baki da rediyo

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ranar Alhamis ɗin da ta wuce Allah ya nufa na tsaya gaban malamai na kare kundin digirina na uku, kuma sun amince da aikin, sai 'yan gyare-gyare da suka ce in yi. Tun daga ranar kira da saƙonni ke shigowa, ban iya amsa wa kowa ba. Don haka na ga gara in rubuta a nan, kowa ya ɗauki rabonsa na godiya.

Da yawa a cikin masu taya ni murna sun tambaye ni, wai shin tsuntsaye na karanta ko aikin jarida? Duka biyun ne, kuma sai na ɗan yi bayani kafin a gane dalilin da ya sa waɗanda zan gode wa suka haɗa da farfesa da masunci da mai gabatar da shiri a rediyo.

Aikina a kan jan-baki ne, tsuntsun nan da manomin gero da dawa da shinkafa ba ya son jin sunansa. Ɗan ƙarami ne, nauyinsa bai wuce giram 20 da wani abu ba, amma masana sun ƙiyasta yawansa a Afirka ya kai wajen biliyan 1.5, babu tsuntsun dajin da ya kai shi yawa a duniya. Wani Bature masanin tsuntsaye, Peter Ward, ya yi aiki a kansa a yankin Tafkin Chadi nan Najeriya, ya buga sakamakon a 1965. Ya nuna cewa ainihin abincin jan-baki ƙwayar ciyawar daji ce. Idan ruwan farko ya sauka ƙwayar da ke ƙasa ta tsiro, sai abinci ya yanke masa, ya tashi ya nufi inda damina ta riga ta kankama, ciyawa ta yi 'ya'ya. Gona yakan faɗa mata ne idan na dajin ya yi ƙaranci. Sannan a 1973 shi Ward da wani masanin, Amotz Zahavi, suka kawo ra'ayin cewa makwancin da tsuntsaye ke taruwa da dare wurin samun labari ne: wanda bai ci ya ƙoshi jiya ba, da asuba sai ya bi bayan wanda ya san inda abinci yake. Har yau masana na muhawara a kan wannan ra'ayi. Ni dai shi ya jefa mini tambayar da ta zama kundina. Idan tsuntsu yana da inda yake jin labarin gonar manomi, shi manomin a ina yake jin labarin tsuntsu, kuma yaushe labarin ke isa gare shi?

Godiyata ta farko bayan ta Allah ga malamaina biyu da suka duba aikin, ɗaya daga sashen nazarin halittu, ɗaya daga sashen aikin jarida. Akwai waɗanda suka ba ni shawara tun farko in zaɓi ɗaya in bar ɗaya, don a ganinsu mai raba ƙafa ba ya samun gurbi a jami'a. Su waɗannan malamai biyu ba su taɓa ce mini haka ba. Baba Farfesa, kai ka hana ni rubuta kalma ɗaya a kan halin tsuntsu sai na gani da idona, na maimaita gani. Hajiya Malama, ke kika koya mini cewa sauraron rediyo don bincike daban yake da sauraron hira, sai an rubuta wa ya yi magana, wa aka tambaya, wa aka bari a baya. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya jiƙan magabatanku. Haka malamin da ya zo daga wata jami'a ya jarraba ni, tambayoyinsa sun yi zafi, kuma sun gyara babin ƙarshe.

Sai mutanen fadamar Haɗeja da Nguru, daga Guri da Kirikasamma har zuwa wajen Gashuwa. A nan ne bashin da ke kaina ya fi nauyi. Bulamai da masu unguwanni sun sauke ni a zaurukansu ba su san ni ba. Sarakunan ruwa sun haɗa ni da masu kwalekwale da suka riƙa tura ni cikin kacala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, tun kafin kiran assalatu, sauro na cin mu tare, don in ga yadda garken ke barin makwanci. Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane ba: suna tashi rukuni rukuni, kowane da inda ya dosa, idan sun sauka a fili kuma na baya su riƙa tsallake na gaba suna sauka, garken na mirginawa haka har su share wurin. Da rana su fake a inuwa kusa da ruwa, da la'asar su koma ci, da almuru su dawo. Dattawan wurin ne suka fara nuna mini alaƙar tsuntsun da kacala. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, yanayin zuwan ruwa ya sauya, wasu magudanai suka daina bushewa da rani, kacala ta samu wuri ta toshe su, jan-baki kuma ya samu makwancin da mutum ba ya iya shiga da ƙafa. Abin da na tarar a takardu daga baya, su sun riga sun faɗa mini shi a bakin ruwa.

Ba zan manta da yaran da ke tsaron tsuntsu ba. Tun hantsi bai fito ba suna kan rumfa a tsakiyar gona, da majajjawa da igiyar da aka jera wa gwangwanaye, suna ihu har murya ta dishe, musamman lokacin da ƙwaya ke da ruwa-ruwa ba ta yi tauri ba. Makonnin nan makaranta sai dai haƙuri. Su suka fi kowa sanin ta ina garke zai ɓullo da kuma ƙarfe nawa. 'Ya'yana, kun taimake ni fiye da yadda kuke zato, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ilimi mai amfani.

Ga ma'aikatan gidajen rediyo da suka buɗe mini ma'ajiyar tsofaffin shirye-shirye, suka bar ni na zauna a ɗakin watsa shiri ina sauraron manoma na bugo waya, na gode ƙwarai. Kun san abin da na rubuta bai zo da yabo zalla ba, amma ba ku rufe mini ƙofa ba. Abin da na lura da shi shi ne labarin jan-baki kusan kullum ihu ne bayan hari. Sai an cinye gona ake jin rahoto: an yi asara, manoma na kira ga gwamnati ta kawo jirgin feshi. Da wuya a ji an tambayi manomi inda tsuntsayen ke kwana, ko sun fara saƙa, alhali a nan amfanin yake. Namiji na gama sheƙa cikin kwana 2 zuwa 3, ƙwai na ƙyanƙyashewa cikin kwana 9 zuwa 10, kafin mako 6 an gama komai 'ya'yan sun tashi. Labarin da ya makara mako biyu ya zama tarihi. Shi kansa feshin ba a cika faɗin ɗaya gefen nasa ba. Maganin fenthion da ake fesawa ba ya bambance jan-baki da sauran tsuntsaye, kuma wannan fadama ce da tsuntsayen Turai ke sauka duk hunturu, wadda tun 2000 aka sa wani ɓangarenta cikin jerin Ramsar, wato jerin muhimman dausayin duniya da aka amince a kare. An daɗe ana kashe miliyoyin jan-baki a Afirka, yawansu bai ragu ba, sauƙin na wuri ɗaya ne na ɗan lokaci. Masu kama su da raga su soya su kai kasuwa, sana'ar da ta yi ƙarfi a wajen N'Djamena, su ma ba a cika jin muryarsu ba. Ban ɗora wa wakilin gidan rediyo laifi ba. Mutumin da ba a ba shi kuɗin mota ba, kuma babu wani masani da ya taɓa zama da shi ya yi masa bayani da Hausa, ba zai kawo rahoton da ya wuce abin da aka faɗa masa a waya ba. Kaso mai yawa na wannan giɓi namu ne mu 'yan jami'a, da muke rubutu da Turanci mu ajiye a kan kantar littattafai.

Malaman gona da suka yi mini jagora a kan babur, da abokan da suka fassara mini hirarraki daga Barbarci da Badanci da Fulatanci, da ɗaliban da suka taya ni kwafe maganganun da aka naɗa, Allah ya biya ku.

Inna, addu'arki ce ta kai ni nan. Kina tambaya ko na ci abinci a daji, ba ki taɓa tambayar yaushe zan gama ba. Baba bai ga wannan rana ba, Allah ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. Maiɗakina ta riƙe gida da yara a damina bayan damina, ta kuma haƙura da kuɗin da ya kamata su shiga cefane suka tafi man babur da hayar kwalekwale. Allah ya saka miki da mafificin alheri.

Da zarar na miƙa gyaran, zan taƙaita sakamakon da Hausa, in naɗe shi da murya yadda za a iya tura shi ta WhatsApp, in kai wa garuruwan da suka karɓe ni kafin a fara shuka. Duk gidan rediyon da ke son mu zauna mu tsara gajeren shiri na sanar da makwancin jan-baki a kan lokaci, ƙofata a buɗe take, kuma ba na neman ko sisi. Wanda ya taimaka ban ambace shi ba ya yafe mini. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amfanin gona. Na gode, na gode.